Me ya sa azurfar da ba ta aiki take gyara aikin faladiyam wajen farfasa asid ɗin fomik?

Wani ɗalibin digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai ne ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina gwajin fitar da iskar haidirojin daga asid ɗin fomik. Na zuba garin faladiyam da aka ɗora a kan gawayi, ya fara aiki da ƙarfinsa, amma kafin minti ashirin ya mutu murus. Na karanta cewa idan aka yi masa gami da azurfa ya fi ƙarko, alhali azurfa ita kaɗai ko kumfa ɗaya ba ta fitarwa. Ta yaya ƙarfen da ba ya aiki zai ƙara wa mai aiki ƙarfi? Kuma me ya sa wani ƙarfen yake ba da CO, wani kuma ba ya bayarwa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa karatu albarka. Abin da ka gani a kwalbarka na gan shi da idona sau da dama, kuma na san yadda yake karya gwiwa. Ka zuba baƙin garin nan cikin ruwan asid, nan take ƙananan kumfa su lulluɓe shi, ruwan da ke cikin bututun awon iska ya riƙa sauka kana kallo, ka fara rubuta lambobi da murna. Bayan minti goma sai ka ga kumfar ta fara jan ƙafa, bayan ashirin garin ya kwanta a gindin kwalba shiru, alhali ko kashi ɗaya cikin biyar na asid ɗin bai ƙare ba. Tambayoyinka biyu tushensu ɗaya ne, don haka zan fara da ta biyun, ita ce za ta kai mu ga ta farko.

Asid ɗin fomik, HCOOH, shi ne ƙaramin cikin danginsa: kabon ɗaya, oksijin biyu, haidirojin biyu. Sunansa daga kalmar Latin ta tururuwa ya fito, domin tun a 1671 John Ray na Ingila ya ba da rahoton samun sa ta hanyar dafa tururuwa a tace tururinsu. Yau a masana'anta ake yin sa daga metanol da CO, wato iskar kabon monoksaid mai guba, kuma mafi yawansa yana tafiya ne wajen adana ciyawar dabbobi, daskarar da ƙaron roba da jimar fata ta zamani. Wannan ɗan ƙaramin molekul hanya biyu yake da ita ta rabuwa. Ko dai ya zama H2 da CO2, wato iskar haidirojin da kabon dayoksaid, ko kuma ya zama CO da ruwa. Duka biyun gangara ce a lissafin kuzari, wato babu wadda ɗabi'a ta hana. Shi ya sa kwalaben asid ɗin mai ƙarfi suke zuwa da murfi mai ƙaramar kafa: yana zaune a kan kanta yana sakin CO a hankali, idan an toshe shi gam kwalbar na iya fashewa. Tun da hanyoyin biyu a buɗe suke, wanda ke yanke hukuncin wadda za a bi shi ne fuskar da molekul ɗin ya sauka a kai. Asid ɗin salfa mai ƙarfi yana zare ruwa ya bar CO, haka ma alumina, wato oksaid ɗin alminiyam. Jan ƙarfe kuwa H2 da CO2 kaɗai yake bayarwa. Nikel yana ba da duka biyun.

Idan molekul ɗin ya sauka a kan ƙarfe, abu na farko da yakan faru shi ne ɗaurin da ke tsakanin O da H ya tsinke. Haidirojin ɗin ya zauna a kan ƙarfen, abin da ya rage kuma, HCOO, shi ake kira fomet. Ka ƙaddara shi kamar mutum ne a tsaye da ƙafa biyu: kowane oksijin ya taka atam ɗin ƙarfe guda, kabon yana tsakiya a sama, haidirojin ɗin da ya rage yana can ƙoli yana kallon sama. An tabbatar da wannan tsayuwa da hasken infirared a kan jan ƙarfe tun farkon shekarun 1980. Ana ganin girgizar da oksijin biyun suke yi tare a wajen 1350 a ma'aunin cm⁻¹, ba a ganin wadda suke yi saɓanin juna, kuma a kan fuskar ƙarfe hakan na nufin ƙafafun biyu daidai suke a ƙasa. To matsalar fomet ke nan. Domin ya saki CO2, dole haidirojin ɗin da ke ƙoli ya taɓa ƙarfe, kuma ba zai taɓa ba sai molekul ɗin ya ɗaga ƙafa ɗaya ya karkata. Idan ƙarfen ya riƙe ƙafafun da ƙarfi, karkatar za ta yi wuya, fomet ya cika fuskar ya zauna. Idan kuma riƙon ya yi sako-sako, tun farko ma asid ɗin ba zai tsaya ya ajiye haidirojinsa ba, zai taɓa ya tashi.

Wannan magana ta matsakaicin riƙo Paul Sabatier na Tulus a Faransa ne ya kafa ta, wanda ya samu kyautar Nobel a 1912, kuma asid ɗin fomik na cikin abubuwan da shi da abokin aikinsa Mailhe suka gwada a kan ƙarafa da dama. Amma zanen da ya sa ta shiga kowane littafin koyarwa daga ɗakin binciken kamfanin Shell a Amsterdam ya fito a 1960, aikin Sachtler da abokansa Fahrenfort da van Reijen. Dabararsu mai sauƙi ce. Ga kowane ƙarfe suka nemi zafin da yake buƙata kafin ya farfasa asid ɗin da wani ƙayyadadden sauri, suka jera shi da yawan zafin da ke fita idan ƙarfen ya haɗu da asid ɗin ya zama gishirin fomet, wanda shi ne ma'aunin ƙarfin riƙo. Sai zanen ya fito kamar tsauni, ƙarfen da ya fi ƙarancin buƙatar zafi shi ne a sama. Zinariya da azurfa suna gindinsa ta hagu, riƙonsu ya yi rauni. Nikel, kobal, baƙin ƙarfe da tangistin suna gangarowa ta dama, riƙonsu ya yi yawa. A ƙololuwa kuma ga filatinam, iridiyam, faladiyam da ruteniyam. Saboda haka faladiyam ɗinka ba mummunan zaɓi ba ne, yana cikin na gaba-gaba. Azurfa kuwa, kamar yadda ka lura, tana can ƙasa.

Abin da ya fi burge ni a tarihin wannan fanni shi ne aikin Robert Madix da ɗalibansa a Jami'ar Stanford ta Amurka a shekarun 1970 zuwa 1980, domin su ne suka raba matakan ɗaya bayan ɗaya har ka ga kamar kana kallonsu. Ga yadda gwajin yake. Ana yanko ɗan faifan ƙarfe kamar girman kwabo, wanda atam ɗinsa duka a jere suke bisa tsari guda, a goge shi har ya zama madubi, a rataye shi a cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta ƙarƙaf. A tsabtace fuskarsa, a sanyaya shi, a fesa masa ɗan tururin asid ɗin da bai wuce ya rufe shi da shimfiɗa ɗaya ba. Daga nan sai a riƙa ƙara masa zafi a hankali, na'urar auna nauyin molekul tana gefe tana sauraron abin da ke tashi. A kan jan ƙarfe, haidirojin ɗin farko yakan tashi da wuri, sannan a yi tsit na tsawon lokaci. Fomet yana nan a tsaye bai motsa ba. Sai zafi ya kai wajen digiri 200 na Salshiyas, a lokaci guda CO2 da H2 su fito tare, layukansu biyu su hau su sauka kamar tagwaye. Fitowarsu tare ita ce shaidar cewa abu guda ne ya haife su, wato tsinkewar ɗaurin C da H. An ƙara tabbatar da hakan ta hanyar musanya haidirojin ɗin da ke jikin kabon da ɗan'uwansa mai nauyi, diyutiriyam: sai farfasawar ta yi jinkiri. A kan azurfa, idan fuskar tsaf take, asid ɗin yakan sauka ya tashi yadda ya zo. Sai an fara ɗora mata oksijin, shi ya fizge haidirojin ɗin, sannan fomet ya samu, kuma yakan rabu a wajen digiri 140. A kan filatinam kuwa fomet ba ya ma kai zafin ɗaki, tun ana ƙasa da sifili yake watsewa.

Nikel ya ba su mamaki. Falconer da Madix sun ga a 1974 cewa a kan wata fuska ta nikel, iskar ba ta fitowa a hankali cikin faɗin digiri talatin ko arba'in kamar yadda aka saba. Cikin 'yan digiri kaɗan komai yake tashi, har suka kira abin fashewar saman ƙarfe. Dalilin shi ne fuskar a cike take maƙil, kuma molekul ba zai rabu ba sai ya samu fili a gefensa da zai miƙa haidirojinsa. Da zarar ɗaya ya samu ya tashi, ya bar gurbi, maƙwabtansa biyu su samu, su ma su bar gurabe, abin ya bazu kamar wutar daji a kaka. Ka riƙe wannan da kyau, domin darasin da ke cikinsa shi ne zuciyar amsarka: abin da molekul zai iya yi ya dogara da yawan filin da ke kewaye da shi.

Yanzu mu zo kan CO. Domin a samu CO dole a tsinke ɗaya daga cikin ɗaurin C da O. Jan ƙarfe da azurfa ba su da ƙarfin yin hakan, kuma ba sa ƙaunar kabon sosai, shi ya sa suke kama molekul ɗin ta ƙafafun oksijin kawai su sake shi a matsayin CO2. Nikel, baƙin ƙarfe da tangistin suna jan kabon da oksijin duka da ƙarfi, suna iya yaga molekul ɗin gida biyu, tangistin ma har ya bar oksijin da kabon manne a jikinsa. Filatinam da faladiyam nasu daban ne. Suna son kabon, don haka wani lokaci maimakon su fara cire haidirojin ɗin da ke jikin oksijin, sai su cire na jikin kabon, molekul ɗin ya tsaya da ƙafa ɗaya ta kabon a matsayin COOH. Daga wannan tsayuwa ƙofa biyu ce a gabansa: ya saki haidirojin na biyu ya zama CO2, ko ya yar da OH ya zama CO. Lissafin kwamfuta da rukunin Mavrikakis a Wisconsin da na Nørskov a Stanford suka wallafa a 2014 ya bi waɗannan hanyoyi a kan ƙarafa masu yawa, ya nuna yadda son oksijin da son kabon suke karkata kowane ƙarfe zuwa ɗaya daga cikinsu.

Ko da sau ɗaya cikin dubu ne molekul ya bi ƙofar CO, ya isa ya kashe maka aiki. CO2 da H2 suna tashi su tafi, CO kuwa a zafin ɗaki ba ya barin faladiyam. Yakan zauna a tsakanin atam biyu ko a ramin da ke tsakanin uku ya kafe. Kowane guda da ya samu ya cinye gurbi ya ƙi tashi, a hankali gurabe su ƙare. Ga kuma fomet mai ƙafa biyu da ke taruwa yana tare sauran filin. Abin da ya kwantar da garinka ke nan. Na taɓa ɗebo irin wannan mataccen gari, na tace shi, na wanke, na shanya shi a tanda a cikin iska, na mayar da shi cikin sabon asid, ya tashi da kusan ƙarfinsa na farko. Wannan ya nuna mini faladiyam ɗin bai narke ba, bai dunƙule ba, fuskarsa ce kawai aka toshe. Ka gwada haka kafin ka zubar da naka.

To ina azurfa ta shigo? A nan sai na ɗan ja ka baya, domin an shafe shekaru kusan talatin ana ba da amsar da ba daidai ba, kuma har yau ina ganin ta a rubuce-rubucen ɗalibai. A shekarun 1940 Georg-Maria Schwab, Bajamushe da ke aiki a Girka a lokacin, ya gwada asid ɗin fomik a kan gamin ƙarafa iri-iri, musamman azurfa da jan ƙarfe da aka gauraya da wasu ƙarafan da suka fi su yawan ilektaron. Ya ga tudun kuzarin da sai an haura kafin a rabu yana ƙaruwa yayin da ilektaron suke ƙaruwa. Daga nan ra'ayi ya kafu cewa gami kamar tafki ɗaya ne, kowane ƙarfe ya zuba ilektaron ɗinsa a ciki, atam ɗin duk sun zama iri ɗaya. Bisa wannan lissafi, nikel da faladiyam suna da gurbin ilektaron da bai cika ba, kusan 0.6 ga kowane atam, kuma idan aka zuba musu jan ƙarfe ko azurfa ko zinariya har kashi 60 cikin 100, gurbin zai cika, aikin katalis, wato hanzarta farfasawar da ƙarfen yake yi, ya tsaya. Eley da Luetic sun gwada asid ɗin fomik a kan wayoyin gamin faladiyam da zinariya a 1957 da wannan tunani a ransu. Ra'ayi ne mai kyan tsari, yana ba da lamba, yana da sauƙin koyarwa. Sai dai ya rushe ta fuska biyu.

Ta farko, Sachtler ɗin nan da Dorgelo sun nuna a 1965 cewa gamin jan ƙarfe da nikel ba ya zama gauraye ɗaya a matsakaicin zafi. Jan ƙarfe yana tasowa sama ya lulluɓe nikel. Ana iya samun gami mai nikel da yawa a ciki, amma shimfiɗarsa ta waje kusan duk jan ƙarfe ce. Molekul kuwa ba ya ganin ciki, shimfiɗar waje kaɗai yake taɓawa. Maƙeran farfaru sun san irin wannan tun da daɗewa, cewa launin bayan zobe ba ya gaya maka gamin da ke cikinsa. Kenan duk zanen da aka yi ana jera saurin aiki da yawan ƙarfen da aka auna a sikeli, an jera shi da lambar da ba ita ce ke aiki ba. Ta biyu, da aka samu na'urorin da ke leƙa ilektaron kai tsaye, sai aka ga atam ɗin nikel a cikin jan ƙarfe yana nan da halinsa na nikel, na faladiyam a cikin azurfa ma haka. Maƙwabtaka tana ɗan canza shi, amma ba ta mayar da shi wani abu dabam. Iglesia da Boudart sun dawo kan asid ɗin fomik a kan jan ƙarfe, nikel da gaminsu a 1983, a wannan karon suna ƙirga atam ɗin da ke fuska, kuma tun daga irin wannan aiki duk mai gwaji na ƙwarai yake fara tambayar me ke saman ƙarfen kafin ya tambayi me ke cikinsa.

Gwajin da nake so kowane ɗalibi ya sani shi ne na Soma-Noto da Sachtler a 1974. Sun ɗora CO a kan faladiyam zalla da kuma gaminsa da azurfa, suka haska infirared. A kan faladiyam zalla babbar alamar tana ƙasa da 2000 a ma'aunin cm⁻¹, wadda ke nuna CO a zaune a kan atam biyu ko fiye, ga kuma ƙarama a sama da 2000 ta CO mai tsayuwa a kan atam ɗaya. Da aka riƙa ƙara azurfa, babbar alamar ta riƙa dushewa har ta kusa ɓacewa, ƙaramar kuwa tana nan, kuma wurin da kowacce take bai gusa sosai ba. Rashin gusawar yana cewa halin atam ɗin faladiyam bai canza da yawa ba. Ɓacewar babbar kuma tana cewa an daina samun faladiyam biyu ko uku a manne da juna. Azurfa ta shiga tsakaninsu ta raba su.

Amsarka ke nan a mafi yawanta. Hanyar CO tana buƙatar fili: gurbin da kabon zai tsaya, gurbin da OH zai faɗa, sannan shi kansa CO ɗin ya fi kafewa inda ya samu atam biyu ko uku na faladiyam a haɗe. Hanyar CO2 kuwa tana iya wucewa da ɗan ƙaramin wuri. Idan azurfa ta rarraba faladiyam zuwa ɗaiɗaiku da bibbiyu, ta rage wa hanyar CO wurin faruwa, kuma ɗan abin da ya samu yana tsaye ne a kan atam ɗaya, riƙonsa da rauni, yana iya tashi. Rashin aikin azurfa shi ne amfaninta a nan. Da ƙarfe ne mai son CO ko mai yaga molekul, da ya ƙara ɓata lamarin. Masu nazarin lantarki sun ga irin wannan ta wata ƙofa. Capon da Parsons sun bayyana hanyoyi biyun a kan filatinam a 1973, kuma an daɗe da sanin cewa ɗan bismut ko dalma da aka yayyafa a kan filatinam yana ninka wutar da ake samu daga asid ɗin fomik sau da yawa, alhali su kansu ba sa farfasa shi. A Jami'ar Cornell, Abruña da DiSalvo sun kai abin ga haɗa PtBi da PtPb, wato gamin filatinam da bismut da na filatinam da dalma, masu tsayayyen tsari a farkon shekarun 2000, inda tazarar da ke tsakanin atam ɗin filatinam ta yi wa CO faɗi.

Ban ce tasirin ilektaron babu shi ba. Yana nan, kuma akwai inda shi ne kan gaba. A 2011 rukunin Tsang a Jami'ar Oxford ya yi ƙananan ƙwayoyi masu cikin azurfa da ɓawon faladiyam siriri, shimfiɗa ɗaya zuwa 'yan kaɗan. A nan azurfa ba ta fuska, don haka maganar raba gurabe ba ta taso ba, amma ƙwayoyin sun fitar da haidirojin a zafin ɗaki fiye da faladiyam zalla nesa ba kusa ba, kuma ƙarfin yana raguwa yayin da ɓawon yake kauri. Abu biyu ne ke aiki. Azurfa tana ɗan tura ilektaron zuwa faladiyam ɗin da ke kanta. Sannan tazarar atam a azurfa ta fi faɗi, 2.89 a ma'aunin angistirom, ta faladiyam kuma 2.75, saboda haka ɓawon a miƙe yake kamar fatar ganga, kuma miƙewa tana canza ƙarfin riƙo kamar yadda Hammer da Nørskov suka fayyace tun shekarun 1990. A gamin da kai za ka haɗa a kwalba, duka ukun, raba gurabe da turin ilektaron da miƙewa, a cakuɗe suke. Ra'ayina shi ne ka fara da na farko, domin shi ne ake iya gani da ƙirgawa, kada ka kira sunan ilektaron sai ka auna ka ga na farkon bai isa ya bayyana abin da ka samu ba. Na karanta rubuce-rubuce da yawa da suka jingina komai ga "haɗin gwiwar ilektaron" ba tare da awo ko ɗaya na fuskar ƙwayoyin ba, kuma hakan yana damuna, domin komawa ce ga kuskuren da aka riga aka biya kuɗinsa.

Ko tsaunin Sachtler ma kada ka ɗauke shi hukuncin ƙarshe. An zana shi ne da manyan ƙarafa, waya da faifai da gari. A 2009 Ojeda da Iglesia a Berkeley sun nuna cewa zinariya, wadda take can gindin tsaunin, idan aka warwatsa ta ƙanana ƙwarai a kan alumina tana farfasa tururin asid ɗin a wajen digiri 80 da saurin da ya wuce na filatinam, CO ɗin da ke cikin iskar kuma bai kai kashi 10 cikin miliyan ba. Atam ɗin da ke gefe ko kusurwa, mai ƙarancin maƙwabta, riƙonsa ya fi na wanda ke tsakiyar shimfiɗa, don haka ƙarfe ɗaya yana iya hawa tsaunin ko ya sauka gwargwadon girman ƙwayarsa.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala duka shi ne lita ɗaya ta asid ɗin tana ɗauke da giram 53 na haidirojin, fiye da giram 40 ɗin da ake samu a lita ɗaya ta iskar da aka matse a tulu har matsinta ya kai bar 700, wato kusan ninki 700 na matsin iskar da muke shaƙa, ga shi kuma ruwa ne da ake zubawa a jarka. Tun 2008, da rukunin Laurenczy a Lozan da na Beller a Rostock suka nuna katalis na ruteniyam mai narkewa da ke ba da haidirojin mai tsabta, fannin ya farfaɗo. Amma batirin da ke shan haidirojin filatinam ne a cikinsa, kuma CO kaɗan yake gurgunta shi. Ƙa'idar ISO 14687 ta haidirojin motoci kashi 0.2 cikin miliyan kawai ta yarda da shi. Wannan ya kawo ni ga aikinka na gobe.

Ka fara da lissafi. Mililita ɗaya ta asid zalla giram 1.22 ce, idan ta rabu duka za ta ba ka iska kusan lita 1.3 a zafin ɗaki, rabinta haidirojin. Da wannan za ka san kashi nawa ka farfasa kafin garin ya tsaya. Sannan ka maimaita gwajin kana bi da iskar ta cikin ruwan soda mai ƙarfi, NaOH, wanda zai shanye CO2. Idan yawan iskar ya ragu da rabi daidai, hanyar H2 da CO2 ce ke rinjaye. Sai dai wannan ba ya nufin babu CO. Na'urar tantance iska mai auna ɗaukar zafi ba ta ganin 'yan kashi cikin miliyan, saboda haka idan da ita ka auna, ka rubuta iyakar abin da take iya gani, kada ka rubuta "babu CO". Wadda ke mayar da CO zuwa metan ta ƙone shi a harshen wuta ita ce ke kaiwa can ƙasa, in akwai ta a wata jami'a kusa da ku ya cancanci tafiyar.

Wajen haɗa gamin, kada ka tsaya a rabo ɗaya. Ka yi aƙalla huɗu ko biyar, daga mai rinjayen faladiyam zuwa mai rinjayen azurfa, za ka ga naka ɗan tsaunin: azurfa kaɗan ba ta raba gurabe, mai yawa kuma ta binne faladiyam ɗin. Ka kula da gishirin da kake farawa da shi, domin idan na faladiyam ɗinka mai kilorin ne, yana haɗuwa da azurfa nitiret farin gari zai zubo maka tun kafin ka fara, don haka ka nemi faladiyam nitiret ko asitet. Ka tuna kuma azurfa tana son tasowa sama idan aka gasa ƙwayoyin, CO kuma yana jawo faladiyam sama, saboda haka fuskar da ka fara da ita ba lallai ce wadda ka gama da ita ba. Idan kuna da infirared, ɗora CO a kan garin kafin gwaji da bayansa, ka duba alamomin nan biyu na sama da ƙasa da 2000. Idan ka ƙara sodiyam fomet a ruwan, kamar yadda mutane da yawa suke yi don ƙara sauri, ka faɗi adadinsa, ka kuma gwada shi shi kaɗai. Saurin da za ka ba da rahoto kada ya zama na minti biyun farko kawai, ka nuna layin gaba ɗaya har inda ya kwanta, ka sake zuba sabon asid a kan garin sau uku ko huɗu.

Asid ɗin mai ƙarfi yana ƙona fata, tururinsa yana cin ido da maƙogwaro, CO kuma ba shi da wari. Ka yi aikin a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau, kada ka taɓa toshe kwalbar da ke fitar da iska, kuma bututun da haidirojin ke fita ya yi nesa da duk wata wuta. Idan ka samu layukan rabo huɗun nan, turo mini su tare da girman ƙwayoyin da zafin da ka yi aiki a kai, mu duba su tare in sha Allahu.